An zaɓi 'yata gasar muhawara, babanta ya ce a'a

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a nan Funtuwa, an zaɓe ta cikin ɗalibai uku da za su wakilci makarantarsu a gasar muhawara. Yarinyar da ko baƙi aka yi sai ta shige ɗaki, jiya na same ta a tsakar gida ta ɗora wayata a kan turmi tana auna minti biyar, tana ta yi wa bango jawabi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Babanta kuwa ya ce muhawara koyon musu ce, gobe za ta riƙa mayar wa manya magana, ga jarabawar WAEC baɗi. Me zan ce masa?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina horar da yara a kan wannan. Ki faɗa wa Alhaji sau da yawa ba yaro ke zaɓar ɓangarensa ba, ƙuri'a ake jefawa. Sai ɗan makarantar kwana ya tsinci kansa yana kare jeka-ka-dawo, dole ya zauna ya tono hujjar mutanen da bai yarda da su ba. Mai taurin kai ba ya iya wannan. Sannan wanda bai saurari abokin karawarsa ba, me zai mayar masa? Zagi ko katse mutum ba bisa ƙa'ida ba kuwa, alƙalai rage maki suke yi. Batun WAEC ma riba ce, domin a takardar Turanci akan kawo tambayar insha'i da ke cewa a rubuta jawabin muhawara, goyon baya ko adawa.

Tsohuwar Ɗaliba:
Mama, ki lallaɓa shi. Amma ki lura da abu ɗaya. Mu a lokacinmu malami ke rubuta mana jawabi mu haddace, ranar gasa aka jefo mini tambayar da ba ta cikin takarda na tsaya ƙiƙam, zufa har cikin hijabi. A gasar duniya ta 'yan sakandare, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, wasu batutuwan sa'a ɗaya kacal ake bai wa yara su shirya, su kaɗai ba malami. Ki tambaye ta waye ya rubuta abin da take karantawa.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta, ta ɗauko mini littafinta, rubutunta ne duk ta sossoke ta gyara. Batun da aka ba su shi ne likita ya fi malami amfani, ita tana adawa, alhali likita take son zama. Na roƙi babanta in ya dawo daga sallar isha'i ya zauna ya riƙe mata agogo sau ɗaya kafin ya yanke hukunci. Ya ce to, ta kawo tabarma.