Neman kalma: me za mu kira manhajar da ta maye gurbin manaja?

Mai fassara, Anguwar Rogo:
Salamu alaikum jama'a. Yau kalmar da ke gabanmu ita ce wadda Turawa ke kira algorithmic management, wato a ɗauke aikin mai kula da ma'aikata a damƙa wa manhaja: ita ke raba aiki, ita ke auna ƙwazo, wani lokaci har sallama ita ke yi. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ne suka fito da kalmar a 2015, lokacin da suka nazarci direbobin Uber da Lyft, kamfanonin motar haya da ake kira ta manhajar waya. AI dai mun saba kiranta ƙirƙirarriyar basira, amma wannan reshen nata ba shi da suna. Ana ta rubuta "manajan na'ura", ni kuwa bai kwanta mini ba.

Malamar nahawu, Naraguta:
Wa alaikumus salam. Malam, kana da gaskiya. Manajan banki shi ne mutumin da ke kula da banki, don haka manajan na'ura mutum ne mai kula da na'ura. Ka ga ma'anar ta juye. "Gudanarwar na'ura" ma cuta ɗaya ke damunta.

Injiniyan manhaja, Rayfield:
Kafin a raɗa suna a fara ganin jaririn. Abin gaɓa huɗu ne. Akwai idon da ke tara bayanai: wurin da wayar ma'aikaci take, lokacin da ya shiga da wanda ya fita, yawan aikin da ya karɓa da wanda ya ƙi, da taurarin da abokan ciniki ke ba shi daga 1 zuwa 5. Sai lissafin da ke dunƙule duk wannan ya zama maki ɗaya. Sai ƙa'idar da mai kamfani ya kafa, a misali ya ce duk wanda makinsa ya yi ƙasa da 4.5 a ayyuka 100 na baya-bayan nan a tura masa gargaɗi, in bai gyara cikin mako biyu ba a rufe asusunsa na manhajar. Na ƙarshe shi ne hannun da ke zartarwa, ko saƙo ya faɗo a waya, ko a rage masa aiki, ko ya wayi gari manhaja ta ƙi buɗe masa.

Ku lura da gaɓa ta uku, domin nan ne mutum ke ɓuya. Na'ura ba ta zaɓi 4.5 ba, wani ne ya zauna a ofis ya rubuta. Saboda haka duk sunan da zai nuna kamar na'urar ce mai gida, irin su "shugabancin na'ura" ko "mulkin na'ura", ina roƙon a ajiye shi. Ko kamfanin NetDragon na ƙasar Sin da ya ba da sanarwa a 2022 cewa ya naɗa manhaja shugabar wani reshensa, masu kamfanin suna nan daram, kuma in an shiga kotu su za a kira.

Mai fassara, Anguwar Rogo:
To "sarrafa ma'aikata da na'ura" fa?

Jami'ar kula da ma'aikata, Bukuru:
Ma'anar ta fita, sai dai kunne ya fi sabawa da sarrafa a kan kaya, kamar sarrafa shinkafa ko tumatir. Ban so mu shigar da ita takardar ɗaukar aiki ma'aikaci ya ga an jera shi da buhu. A rubutun ofis na fi son "tafiyar da ma'aikata ta hanyar na'ura". Tana da tsawo amma ba ta da gargada.

Akwai kuma abin da sunan bai kamata ya rufe ba: wannan abu ba ya jin uzuri. A ƙarshen 2020 wata kotu a Bolonya ta Italiya ta yanke cewa manhajar Deliveroo, kamfanin kai abinci gida, na nuna wariya, domin tana rage wa mai kai saƙo matsayi in bai fito aikin da ya yi rajista ba, ba ruwanta ko rashin lafiya ne ko yajin aiki. A nan Jos sai ka ƙara da namu: sabis ya ɗauke a bayan dutse, wuta ta ɗauke waya ta mutu, ko a sa dokar hana fita. Duk a wurin lissafi sunansu ɗaya, "bai zo aiki ba". Manaja mutum kuwa ya san ranar da aka yi rasuwa a gidan Malam wane.

Dattijo, tsohon akawu, Gangare:
'Ya'yana, kalmar da kuke nema tana nan a garin nan tun zamanin haƙar kuza. Kamfani yana da Bature manaja a sama, amma lebura ba ya ganinsa. Wanda yake gani kullum shi ne heluma: shi ke tara mutane, ya raba musu wurin haƙa, ya tsaya a kansu. Tankifa kuma ya rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. Abin da injiniya ya zayyana, ai heluma da tankifa ne aka haɗe a cikin waya. Kuma kowa ya san heluma ba shi ne mai kamfani ba, saƙo yake isarwa.

Malamar nahawu, Naraguta:
Allah Ya ƙara girma, Baba. Sai dai kada mu ce "heluman na'ura", za mu koma gidan jiya. Mu ce "heluman lissafi", a kan sigar zoben azurfa ko gidan ƙasa, wato heluman da aka ƙera da lissafi. Ba wanda zai zaci mutum ne mai tsaron lissafi, kuma lissafi shi ne ainihin abin da algoridim, tushen kalmar algorithmic, ke nufi a nan. Aikin kansa sai ya zama "helumancin lissafi", kamar yadda dillali ya ba mu dillanci.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Farin Gada:
Hajiya, a gafarce ni, samarin yanzu "oga" suka sani. Kuma abin ya wuce leburanci, har tantance masu neman aiki yana yi. Amazon ta yi watsi da irin wannan manhaja, kamar yadda Reuters ta ruwaito a 2018, domin ta koya daga takardun neman aiki na shekara goma da yawancinsu na maza ne, sai ta riƙa rage wa mata maki.

Injiniyan manhaja, Rayfield:
Oga ya yi faɗi da yawa, tun daga mai shago har gwamna. Heluma kuwa har yanzu ana jin ta a wurin gini. Tantance masu neman aiki kuma heluma ya daɗe yana yi, shi ke zaɓar wanda zai shiga aiki da safe, kuma son kansa na shiga ciki.

Lauya, titin Bauchi:
Na goyi bayan heluman lissafi a baki da jarida, "tafiyar da ma'aikata ta hanyar na'ura" ta Hajiyar Bukuru kuma a takardun doka. Saura guda ɗaya da ma'aikaci zai fi buƙata ranar da aka rufe masa asusu. Sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, tare da wasu togaciya, kuma yana iya neman mutum ya duba ya saurare shi. Tarayyar Turai ma a dokarta ta 2024 kan masu aiki ta manhaja ta ce rufe asusu ko sallama dole mutum ne zai yanke. Wannan ina ba da shawarar a kira shi "sa hannun mutum". In za a rubuta ƙorafi, a nemi abu uku: bayanan da aka yi amfani da su, ƙa'idar da aka ce an karya, da sunan jami'in da ya duba.

Mai fassara, Anguwar Rogo:
Madalla. Na shigar da heluman lissafi, helumancin lissafi, da sa hannun mutum. Malama, jam'in fa, helumomin lissafi za mu rubuta?

Malamar nahawu, Naraguta:
E, helumomi, kamar manajoji.