Bayan The Next Generation: tsakanin Deep Space Nine da Voyager, wanne ya kamata in fara?

Baƙon Zaure:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar ƙagaggun labaran kimiyya. Na kammala kallon Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994, kuma yanzu na rasa inda zan dosa, domin shirye-shirye biyu ne suka tsiro daga jikinsa kusan a lokaci guda: Deep Space Nine da aka fara a 1993, da Voyager da ya biyo baya a 1995. Kowannensu zango bakwai ne, kuma kowanne ya haura kashi 170, don haka ba abu ne da mutum zai shiga da ka ba, musamman idan aka duba kuɗin data da lokacin da zai ci.

Abokaina da suka riga ni kallo sun rabu biyu. Wasu sun ce Voyager ne magajin gaskiya, tunda jirgi ne mai yawo daga duniya zuwa duniya kamar na Kyaftin Picard, kuma kiɗansa da hotonsa sun fi kyau. Wasu kuma sun ce wanda bai kalli Deep Space Nine ba bai san Star Trek ba tukuna. Abin da ya riƙe ni a shirin da na gama shi ne mutanen cikinsa, musamman Data da Worf, sai kuma sarewar nan ta kashin The Inner Light wadda har yau ba ta bar kunnena ba. Ina roƙon waɗanda suka kalli biyun su auna mini su ta fuskar mutanen labarin, da kiɗa, da siddabarun hoto, ba tare da sun tona mini ƙarshen labari ba.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka ce mutanen labari ne suka riƙe ka, a ganina babu wata doguwar muhawara: ka fara da Deep Space Nine. Dalilin yana cikin tsarin shirin tun daga tushe. Jirgin Picard yakan isa wata duniya, a warware matsalarta cikin minti arba'in da 'yan kai, a ɗaga a yi gaba, ba a kuma sake waiwayar abin da aka bari a baya. Tashar da Benjamin Sisko yake shugabanta kuwa ba ta zuwa ko'ina. Tana zaune kusa da duniyar Bajor, wadda mutanen Cardassia suka mamaye kusan shekara 50 kafin su janye, kuma duk hukuncin da ya yanke yau zai wayi gari gobe ya tarar da waɗanda hukuncin ya shafa suna jiransa a ƙofar ofis. Wurin ya fi kama da garin kan iyaka mai babbar kasuwa, inda soja da ɗan kasuwa da malamin addini da ɗan fasa-ƙwauri dole su ci gaba da gaisawa ko da ba sa ga maciji da juna.

Wannan zaman wuri ɗaya shi ya ba marubutan damar gina mutanen da a wani shirin za su fito sau ɗaya su ɓace. Garak, wanda Andrew Robinson ya fito a matsayinsa, tela ne a tashar, amma kowa ya san tsohon ɗan leƙen asirin Cardassia ne, kuma ba ya taɓa ba da labarin rayuwarsa sau biyu iri ɗaya. Nog ya fara a matsayin yaro ɗan Ferengi, wata al'umma ta 'yan kasuwa masu son riba, mai ƙananan sace-sace wanda ko karatu bai iya ba, kuma inda shirin ya kai shi ba zan faɗa maka ba, sai dai in ce babu wani a Voyager da ya yi irin wannan tafiyar. Kira Nerys tsohuwar 'yar gwagwarmaya ce da ta zubar da jini don ƙwatar ƙasarta, kuma mace ce mai riƙo da addininta, wanda shirin bai mayar da imaninta abin dariya ko alamar jahilci ba. Wannan ya bambanta da ɗabi'ar Star Trek ta farko, inda galibi idan aka ga abin bauta a wata duniya to a ƙarshe za a gano kwamfuta ce ko wani mayaudari. Ka nemi kashin Duet na zangon farko ka ga abin da nake nufi: kusan dukansa hira ce tsakanin Kira da wani fursuna a cikin kurkuku.

Shi kansa Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, ya shigo labarin yana jin haushin Picard, domin matar Sisko ta mutu a yaƙin Wolf 359, lokacin da Borg, halittun nan da aka haɗa jikinsu da inji, suka kama Picard suka yi amfani da shi wajen ragargaza rundunar jiragen. Ka riga ka ga wannan yaƙin daga ɓangaren Picard; a nan za ka gan shi daga ɓangaren wanda aka bari da maraya. Tarbiyyar da yake yi wa ɗansa Jake tana daga cikin mafi kyawun abin da ke cikin shirin. Sannan O'Brien yana nan tun kashi na farko, Worf ɗin da kake so kuma zai iso a zango na huɗu, a 1995. Abin da kawai zan gargaɗe ka da shi shi ne cewa zango biyun farko suna tafiyar hawainiya, kuma akwai kashi-kashi na Ferengi da sai an yi haƙuri da su.

Gwaggon Yara:

Malamin Tarihi ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya yi wa Voyager rowar adalci, kuma bai ce komai ba game da kiɗa, wanda mai tambaya ya ambata da bakinsa. Bari in fara da kiɗan. Taken Voyager aikin Jerry Goldsmith ne, mutumin da ya tsara kiɗan fim ɗin Star Trek na 1979 wanda daga baya aka ara ya zama taken The Next Generation. Amma a nan bai yi kiɗan fareti ba. Ƙaho ne yake tashi a hankali, sauran kayan kiɗan suna biye da shi, kuma kana jin nisa da kewar gida a cikinsa, wanda shi ne ainihin labarin: jirgi ne da aka wurga can wani ɓangare na taurari, inda komawa gida za ta ci kusan shekara 75. Taken ya ci kyautar talabijin ta Emmy, kuma ya cancanta. Taken Deep Space Nine na Dennis McCarthy shi ma ya ci Emmy, kuma yana da kwarjini, sai dai a zango na huɗu an ƙara masa sauri da wani bugu a ƙarƙashinsa wanda a kunnena bai zauna daidai da ainihin kiɗan ba.

Game da kiɗan da ke cikin kashi-kashin kuwa, ɗan'uwa mai tambaya, kada ka sa rai da yawa a kowanne. Makaɗan kusan ɗaya ne, McCarthy da Jay Chattaway, wanda shi ne ya tsara sarewar da ka ce tana kunnenka, kuma furodusa Rick Berman ba ya son kiɗan da zai ja hankali ya bar hoto. Idan ka lura, zafin kiɗan da ka ji a kashin The Best of Both Worlds na The Next Generation bai sake dawowa ba a zangunan ƙarshe, domin Ron Jones da ya tsara shi an sallame shi a 1991. Wannan takunkumin ya bi shirye-shiryen biyu duka.

Ta fuskar mutane, na yarda cewa an yi sakaci da wasu. Harry Kim ya shekara bakwai a kan muƙamin ƙaramin hafsa ba a ƙara masa girma ba, Chakotay, mataimakin kyaftin, kuma an bar shi yana gyaɗa kai a gefen kujerar kyaftin. Amma Likitan jirgin, wanda kwamfuta ce take haska shi kuma an yi shi ne don aikin gaggawa na ɗan lokaci, sannan dole ta sa ya zama likita na dindindin har ya fara neman haƙƙinsa, shi ne ya gaji tambayar da Data, mutum-mutumin inji, yake yi game da abin da ke sa halitta ta zama mutum. Robert Picardo ya iya ba da dariya ya kuma iya sa tausayi a fage ɗaya. Seven of Nine da ta shigo a 1997, duk da irin suturar da suka ɗora mata don jan masu kallo, ita ce ta zama wadda take iya kallon idon Kyaftin Janeway ta ce mata ba ta yi daidai ba. Ita kuma Janeway, ka kalli kashin Tuvix na 1996, sannan ka dawo nan mu yi gardama, domin har yau masu kallo ba su daidaita a kan hukuncin da ta yanke ba.

Mai Gyaran Rediyo:

Ni batun hoto zan taɓa, domin abokan da suka ce maka na Voyager ya fi kyau sun faɗi rabin gaskiya ne. Duk shirye-shiryen nan sun fara ne da jiragen da aka ƙera da hannu. Jirgin Enterprise na Picard da ka gani a zangunan farko samfuri ne mai tsawon ƙafa shida da kamfanin Industrial Light & Magic ya gina, ana ɗaukarsa da kyamarar da kwamfuta ke tuƙawa, a maimaita motsi ɗaya sau da yawa, wannan karon don jikin jirgin, wancan don fitilun tagogi, sannan a haɗa su. Aikin yana da tsada da cin lokaci, shi ya sa a The Next Generation ba kasafai kake ganin jirage da yawa suna faɗa a lokaci guda ba. Wajen 1997 ne zanen kwamfuta ya karɓi ragama. Voyager ya yi amfani da shi ya fito da halittun Species 8472 a kashin Scorpion, masu ƙafa uku, waɗanda ba ɗan wasa ne sanye da roba a goshi ba. Deep Space Nine kuwa ya yi amfani da shi ya cika allo da rundunonin jirage a kashin Sacrifice of Angels. A wurina na biyun ya fi jure wa shekaru, domin ƙarfe ya fi sauƙin zanawa da kwamfutar wancan zamanin fiye da fata da tsoka. Kuma babu abin da Voyager ya yi da ya kai Trials and Tribble-ations na 1996, inda aka cusa Sisko da mutanensa cikin hotunan wani kashi na ainihin shirin da aka nuna a 1967, har suna tsaye kusa da Kyaftin Kirk.

Ga abin da ya kamata ka shirya masa. Idan sabon kwafin The Next Generation ka kalla, wanda aka gyara aka fitar tsakanin 2012 da 2014, idonka ya saba da hoto tar-tar. An iya yin wannan gyaran ne saboda an ɗauki shirin da fim na milimita 35, sai aka koma ma'ajiya aka zaƙulo ainihin fina-finan aka sake haɗa komai daga farko. Sauran biyun ma da fim aka ɗauke su, kuma kamar shi a kan kaset na bidiyo aka tace su, amma zanen kwamfutarsu an fitar da shi ne daidai ƙarfin talabijin na lokacin, don haka gyara su yana nufin sake zana yaƙe-yaƙen gaba ɗaya. Za ka ga hoton ya ɗan dushe, kuma abin ya fi fitowa a Deep Space Nine saboda tashar tasu duhu gare ta tun asali.

Ƙorafina da Voyager shi ne siddabarun bai yi wa labarin hidima ba. A zangon farko an faɗa ƙarara cewa makaman torpedo 38 suka rage musu kuma babu hanyar samun wasu, amma suka yi ta harbawa har ƙarshe. Za a yi kaca-kaca da jirgin a wannan makon, mako mai zuwa ya fito fes. Sai a Year of Hell kawai aka bar shi ya lalace da gaske, kuma shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar wannan kashin a kan mafi kyawunsa.

Malamin Tarihi:

Gwaggo, na karɓi maganarki a kan Likita, kuma taken Goldsmith ba abin musu ba ne. Amma abin da Mai Gyaran Rediyo ya faɗa game da jirgin shi ne ya sami mutanen cikinsa. An haɗa hafsoshin rundunar Starfleet da 'yan tawayen Maquis, wato su Chakotay, a jirgi ɗaya, mutanen da jiya suke farautar juna, amma kafin a je ko'ina kowa ya sa kaki iri ɗaya rikicin ya kwanta. Ronald D. Moore, ɗaya daga cikin manyan marubutan Deep Space Nine, ya koma Voyager a 1999 bai daɗe ba ya fice, kuma daga baya ya yi Battlestar Galactica, inda jirgin da aka fasa yake zama a fashe, ruwan sha da man jirgi kuma suke ƙarewa da gaske.

Gwaggon Yara:

Haka ne, Malam, amma akwai mai dawowa daga aiki a gajiye wanda ba yaƙi da makirci yake nema ba, kashi ɗaya yake so wanda zai fara ya ƙare a dare guda, kuma Voyager ya fi dacewa da shi. Mai tambaya, idan ka zaɓi Deep Space Nine, ka bi shi a jere ba tsallake, musamman daga ƙarshen zango na biyu inda Dominion, wata daula mai ƙarfi ta abokan gaba, suka fara bayyana. Kuma kafin ka fara Voyager, ka tabbata ka kalli kashi biyun nan na Deep Space Nine masu suna The Maquis, domin a nan ne aka bayyana dalilin tawayen su Chakotay, abin da shi Voyager bai tsaya ya yi bayaninsa sosai ba.