Ayurbeda da Tsoron Fita Waje: Abin da Masana Suka Ce

Likitocin Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, suna danganta fargaba, irin ta tsoron fita waje, da rinjayen "vata" (abin da suke ɗauka a matsayin ƙarfin iska da motsi a jiki), don haka aka fi ba da shawarar abinci mai ɗumi a kan lokaci, da murza man riɗi mai ɗumi a jiki minti 15 kafin wanka.

Ashwagandha kuwa, wani tsiro da ake shan maganinsa don rage fargaba, galibi miligiram 300 sau biyu kullum ake sha, mako 8. Mai juna biyu da mai ciwon hanta su ƙaurace masa. Mai shan maganin maƙoƙo ya tuntuɓi likita. An sha samun dalma a wasu haɗe-haɗen, don haka kada a sayi marasa rajista.

Magani kaɗai ba ya fitar da mutum. A fara da bakin ƙofa, a tsaya har bugun zuciya ya lafa, gobe a ƙara taku. Komawa ciki da sauri ke ƙarfafa tsoron.