Don Allah wa ya san manhajar da za ta gane maganar Babanmu?

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Muna wani ƙauye ne kusa da Gumel. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, Alhamdulillah hankalinsa ras, amma harshen ya yi nauyi sosai, in ba ni da Inna ba babu mai gane me yake faɗa, mutumin da duk Alhamis yana kasuwar Maigatari yana cinikin shanu yanzu in abokan harkarsa suka kira sai dai ya miƙo min waya yana hawaye, wallahi abin na ci min rai.

Na gwada abin nan na waya da kake magana ya rubuta. Tawa Hausar yana kamawa, tasa kuwa shirme yake fitarwa, an ce don da muryar masu lafiyar baki aka horar da shi. Sai na ji labarin Project Relate na Google, a Android yake, mutum zai karanta jimloli 500 ya koyi muryarsa shi kaɗai, har ya riƙa maimaita maganar da murya tangaran. To amma jimlolin na Turanci ne, Baba kuma ajami kawai ya iya.

Shin akwai irinsa da Hausa? Ko in na ɗauki muryarsa yana faɗin kalmominsa na kullum, ruwa, alwala, magani, sunayen jikoki, akwai mai ilimin kwamfuta da zai iya haɗa mana wani abu ko ƙarami ne? Kuma wanda zai yi aiki ba data, don netwok ɗinmu sai an hau tudu.