Gyara halin 'yar kyanwar da aka tsinto

Da masu kiwon kyanwa suka tattauna batun yadda za a hana 'yar kyanwar da aka tsinto cizo da ɓarna a gida, kusan kowa ya yarda cewa duka da tsawa ba sa gyara 'yar kyanwa, tsoro kawai suke ƙara mata. Wasu sun ce a fesa mata ruwa, amma akasari suka ƙi, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Gudun mai fesawar za ta koya, in ya ba da baya ta koma ɓarnarta.

An fi daɗewa a kan cizo da yakushi. Wajen wasa da uwa da 'yan'uwa kyanwa take koyon sassauta cizo, wadda ta rabu da su da wuri kuwa ba ta samu wannan horon ba. Saboda haka kada a yi mata wasa da hannu ko ƙafa. In ta kai cizo, a tsaya cak, a janye, a jefa mata abin wasa. Sai dai fa duk mutanen gida su bi hanya ɗaya, har da yara.

Kartar kujera ɗabi'arta ce, a kafa mata katakon karta kusa da inda ta saba.

In tana kashi ko fitsari barkatai, a keɓe ta a ƙaramin ɗaki tukuna, da akwatin yashin da za ta riƙa kashi da fitsari a ciki, nesa da abincinta, a riƙa kwashewa kullum. Kada a goge wurin da abin wanki mai amoniya, warinsa ya yi kama da na fitsari. In abin ya ƙi ƙarewa, a kai ta wajen likitan dabbobi, don tsutsar ciki ko ciwon mafitsara na iya jawo shi.