Me ya kamata mutum-mutumi ya riƙa ajiyewa don a gano dalilin abin da ya aikata?

Maƙeri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan mutum-mutumin da ke jigilar kaya a sito ya tsaya cak, ko ya bangaje ma'aikaci, waɗanne bayanai ne za su fito da dalili? Hoton kyamara kaɗai ya isa?

Mai Awo: Wa alaikumussalam. Bai isa ba, malam. Kyamara tana nuna abin da ke gabansa ne, ba abin da shi ya zaci ya gani ba. A haɗa uku a ajiye: abin da sensoci (na'urorin gani da ji na mutum-mutumin) suka kawo, sunan da manhaja ta raɗa wa abin (mutum ne ko kwali) da ƙarfin tabbacinta, sai umarnin da ya je wa taya da birki. Wannan ne baƙin akwati irin na jirgin sama da masana biyu, Alan Winfield da Marina Jirotka, suka ba da shawara a 2017. Dubi hatsarin motar gwajin Uber mai tuƙa kanta a Tempe ta Amurka a 2018. Motar ta hango wata mata mai tsallaka titi daƙiƙa 5.6 kafin ta buge ta, amma ta yi ta sauya mata suna, yanzu mota, anjima keke, kuma kowane sauyi yana sa ta watsar da tarihin tafiyarta. Ba don an ajiye wannan ba, da masu bincike ba su gane ba.

Ɗan Lantarki: A kula da agogo. In na kyamara da na birki suka saɓa ko da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ka ga kamar birki ya riga hangowa. A daidaita su da PTP, wato tsarin da ke sa agogunan na'urori su tafi daidai. Mai aiki da ROS (tsarin manhajar mutum-mutumi), rosbag, wato manhajarsa ta naɗar bayanai, zai naɗa masa, sai dai hoto yana cika ma'ajiya da wuri, don haka a riƙe daƙiƙoƙin gab da hatsari da na bayansa, a kulle su kada sabo ya hau kai.

Malama Mai Bincike: Ni abin da ke damuna shi ne bayanin da ake ƙirƙira bayan an yi ɓarna. Manhajar hira za ta tsara maka dalili mai daɗin ji, alhali ba shi ne ya juya tayar ba. A rubuta dalilin a lokacin yanke shawarar. Sannan a ajiye lambar sigar manhaja, da wanda ya sa hannu a kanta, da wanda ya taɓa iyakar gudu, domin alhaki a wuyan mutum yake. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira (AI) ta wajabta riƙe bayanan na'urori masu babban haɗari aƙalla wata shida.