Faifan kaboyi da aka ɗauka a gaban jama'a: a ina kuka samo naku?

Baban Ummi, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi Kawu, sai na ci karo da adaka a ƙarƙashin gado, cike da faifan garmaho. Jim Reeves da Don Williams sun fi yawa, kamar yadda aka san mutanen Jos na wancan zamani. Guda ɗaya ne ya fita daban, na Johnny Cash, At Folsom Prison. Na kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo ya ɗora min, sai na ji ashe ba waƙa kaɗai ba ce a ciki. Ga ihu, ga tafi, ga mawaƙin yana roƙon a ba shi ruwan sha, can kuma sai murya ta fito ta lasifika ana kiran wani fursuna da lambarsa. Ni da na saba da waƙar kaboyi mai sanyi ta bayan isha, tsigar jikina sai da ta tashi. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan faifai, a ina kuka samo, kuma me ya kama ku a ciki?

Malam Na Tudun Wada, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu, ya bar maka abin arziki. Nawa wani malaminmu Bature ne ya bar min da zai koma gida, lokacin ina kwalejin horon malamai. A gidan yarin Folsom na jihar Kalifoniya aka ɗauke shi, ran 13 ga Janairu 1968. Sau biyu aka yi wasan a ranar, da safe da kuma da rana, don in na farko ya ɓaci a samu na biyu, amma kusan duk abin da ke faifan daga na safen aka ɗebo. Mawaƙiya June Carter tana wurin, kuma ba a yi wata biyu ba aka ɗaura mata aure da Cash.

Abin da nake so ka saurara da kyau shi ne waƙar ƙarshe. Ba ta Cash ba ce. Wani fursuna mai suna Glen Sherley ne ya rubuta ta a cikin gidan, a kan ɗakin ibadarsu, aka kai wa Cash ana gobe wasa, ya koye ta a daren. Mutumin yana zaune a sahun gaba bai san za a yi ba, sai jin sunansa ya yi. Shekara nawa ina jin wurin nan, har yau in ya zo sai na ajiye abin da ke hannuna.

Ɗan Tasha:
Ranka ya daɗe Malam, ni dai an taɓa cutata a wannan harka, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Ina ɗaukar fasinja Kano zuwa Jos wani mai kaset a tasha ya sayar min da kaset, ya rantse Don Williams ne a gaban jama'a. Muna hanya na saka. Waƙoƙin situdiyo ne da na sani sarai, an liƙa musu tafi a tsakani, kuma tafin iri ɗaya ne sak, har da wani mai fito da ke dawowa bayan kowace waƙa. Wani fasinja ya ce, direba, wannan mai fiton ba ya gajiya? Aka yi ta dariya har Saminaka. Na gaskiyar sai daga baya na gani a bidiyo, wasan da ya yi a Harare ta Zimbabuwe a 1997. Mutum ya zauna da hularsa da jitarsa, ba tsalle ba rawa, jama'a suna rera masa waƙarsa.

Maman Sadik, Kaduna:
Ɗan Tasha ka ba ni dariya. Nawa a wurin 'yan gwanjo na tsinta, cikin kwali tare da tsofaffin mujallu, mai kayan ma bai san me ke ciki ba. A Real Live Dolly, na Dolly Parton, 1970. A makarantar sakandaren da ta gama aka ɗauka, a garinsu Sevierville na jihar Tenesi. To ni abin da ya ja ni ke nan. Ba wasan baƙi ba ne, yarinya ce ta koma gida ta yi waƙa a gaban waɗanda suka san ta tun tana yawo ba takalmi. Ana ji a muryarta in tana magana tsakanin waƙoƙi. Duk macen da aure ya kai ta nesa, ta dawo ganin gida, ta san wannan murya. Yayata ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma da na saka mata cewa ta yi, wannan a garinsu take ko?

Abba Kwamfuta:
Gafara dai Malam, kada a ce yaro ya yi wa manya katsalandan. Ni ba ni da garmaho, a YouTube na san waɗannan duka. Amma na karanta cewa ihun nan da ake ji a waƙar farko ta faifan Folsom, daidai inda mai labarin ke cewa ya harbe mutum, ba a wurin aka yi shi ba. Bayan an koma situdiyo aka ƙara. Fursunonin sun kame bakinsu a wurin, don gandirobobi na tsaye a kansu. Tun da na san haka sai na ji abin ya ɗan sire min. Ina bambancinsa da kaset ɗin Ɗan Tasha?

Malam Na Tudun Wada:
Ba katsalandan ba ne, ɗana, gaskiya ka faɗa, haka aka yi. Ni ma da na fara ji raina bai so ba. Amma bambancin a bayyane yake. Mai kaset ɗin tasha ba shi da taro sam, ya ƙirƙiro. A Folsom taron yana nan, mutane ne a tsare, wasu ba za su ƙara ganin waje ba, kuma shirun da suka yi a wannan wuri ya fi min ihun da aka ɗora nauyi. Da ni ne mai haɗa faifan da na bar shirun.

In kana son ihu wanda ba a taɓa ba, nemi faifan Cash At San Quentin, wanda aka ɗauka a gidan yarin San Quentin a Fabrairu 1969. Ya rera musu waƙar da ya yi a kan gidan yarin nasu, suka ruɗe, ya maimaita nan take. Wani abin kuma, shekaru kafin nan Cash ya taɓa wasa a wannan gida, a cikin fursunonin da suka kalla akwai Merle Haggard, wanda ya fito ya zama babban mawaƙi shi ma. Shi kuwa Cash da ake ɗauka tsohon fursuna ne, kwanan sel kawai ya taɓa yi, ba a taɓa yanke masa zaman gidan yari ba.

Alhaji Zango, Kumasi:
Ba wanda ya ambaci Charley Pride? Na ga faifansa In Person a wani shago a Ankara ta nan Gana, na saya saboda hoton: baƙar fata kamar ni da kai, ɗan Misisipi, yana waƙar kaboyi. A Panther Hall na Fort Worth, jihar Tekzas, aka ɗauka a 1968. Ku tuna yadda Amurka take a shekarar. Ya tsaya gaban farare yana zolayar kansa a kan yadda muryarsa da fatarsa suka ruɗa mutane, suna dariya, sannan ya ja waƙa kowa ya yi tsit. Faifan situdiyo ba zai nuna maka wannan ba.

Maman Sadik:
Alhaji, wannan ban taɓa ji ba, zan sa Sadik ya nemo min.

Abba Kwamfuta:
Na karɓa, Malam. To ga wanda ba a yi wa kwalliya ba ko kaɗan: Townes Van Zandt, Live at the Old Quarter, a wani ɗan ƙaramin wuri a Houston. A 1973 aka ɗauka, bai fito ba sai 1977. Shi kaɗai da jita, kamar Ɗan Maraya da kuntiginsa. Kafin a fara ma sai da mai gabatarwa ya faɗa wa mutane inda banɗaki yake.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na koma wurin mai gyaran jiya don waƙar ƙarshen nan. Faifan ya ƙarzu daidai wurin, allura tana zuwa tsakiya sai ta yi ta komawa baya. Ya wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ya shanya a inuwa, bai hana ba. Ya ce ko a ɗora kwabo a kan hannun allurar, ni kuma ina tsoron kada ta ƙara cinye shi.

Malam Na Tudun Wada:
Kada ka yarda a ɗora kwabo. Nawa lafiyarsa ƙalau. Ranar da ka shigo Zariya ka biyo, garmahon yana aiki, in dai an kawo wuta.